Wonder Woman: ɗiyar yumɓu ko ɗiyar Zeus?

A ƙasar Amurka akwai wasu ƙananan littattafai da ake bugawa wata-wata, waɗanda labarinsu ke tafiya cikin zane: hoto bayan hoto, maganar kowane mutum kuma a rubuce cikin ƴar da'ira kusa da bakinshi. Ƴan lakwal sun san irinsu da sunan da Faransawa ke ba su, wato bande dessinée. Cikin jaruman waɗanga littattafai, uku ne sunka fi daɗewa ana buga labarinsu: Superman wanda ya fito a shekara ta 1938, Batman a 1939, sai mace guda, Wonder Woman, wadda ta fito a 1941. Ma'anar sunanta ita ce mace mai ban al'ajabi.

Mazan nan biyu, asalinsu yana nan inda anka aza shi tun farko. Superman jariri ne da iyayenshi sunka sa cikin kumbo sa'ad da duniyarsu za ta tarwatse, ya faɗo kusa da gonar wasu manoma, sunka rene shi. Batman yaro ne da ɓarawo ya kashe ma uwa da uba a gaban idonshi. Marubuta sun ƙara gishiri, sun rage, amma gindin labarin bai motsa ba. Ita kuwa Wonder Woman, wanda anka tambaya ɗiyar wane ce, dole ya fara da tambayar wace shekara ake nufi. Akwai lokacin da ba ta da uba sam. Akwai lokacin da ta yi uba amma ba a faɗi sunanshi ba. Daga baya har anka ce ubanta shi ne Zeus, sarkin gumakan da Girkawan dā ke ambato cikin tatsuniyoyinsu. Kowane canji yana da dalili, kuma mai neman dalilin sai ya duba ofishin kamfanin da ya mallake ta, ya duba kuma abin da mutanen wannan zamanin ke ganin ya dace da mace.

Malamin da ya ƙago ta

Wanda ya ƙago ta sunanshi William Moulton Marston. An haife shi a 1893, ya yi karatu a jami'ar Harvard, inda ya samu babban digiri a 1921 kan ilimin halayyar ɗan Adam. Kafin ya shiga harkar zane, an san shi da binciken yadda bugun jinin mutum ke hawa in yana faɗin ƙarya, binciken da ya shiga cikin na'urar gano maƙaryaci da ƴan sanda ke aiki da ita. Mutum ne mai ra'ayin da ba a saba ji ba a zamaninshi. A 1937 ya tara ƴan jarida ya shaida musu cewa cikin shekara dubu mata ne za su riƙe mulkin Amurka, kuma a ganinshi hakan ya fi alheri.

A gidanshi mata biyu ne. Akwai matarshi Elizabeth Holloway, wadda ita ma ta yi karatu mai zurfi har ta karanta shari'a, akwai kuma Olive Byrne, wadda ta zauna tare da su ta haifa mishi ɗiya biyu maza. Dokar Amurka ba ta san da irin wanga zama ba, saboda haka sunka rufe shi shekara da shekaru. Olive ɗiyar ƴar'uwar Margaret Sanger ce, matar da ta yi suna wajen fafutukar tsarin haifuwa. Gida ne da ya tashi cikin gwagwarmayar mata ta neman ƴancin jefa ƙuri'a, ƴancin da matan Amurka sunka samu a 1920. Cikin jaridun wannan gwagwarmaya, an sha zana hoton mace tana tsinke sarƙa.

A 1940 jaridun Amurka sunka fara sukar littattafan zane, suna cewa babu komi cikinsu sai duka da kisa, suna lalata yara. Wani mai kamfanin bugu, Max Gaines, ya ɗauki Marston ya zama mai ba shi shawara, don a ce akwai masani a gidan. Marston ya kawo shawarar a yi jarumin da zai riƙa cin nasara da ƙauna fiye da ƙarfin damtse. Iyalinshi sun ce Elizabeth ce ta ce mishi to ya yi ta mace. Ya ɗauko wani tsohon mai zane, Harry G. Peter, wanda ya haura shekara 60, ya kuma sa ma kanshi sunan aro, Charles Moulton. Labarin farko, shafi 9 kacal, ya fito cikin mujallar All Star Comics lamba ta 8 a watan Oktoba na 1941, ƴan makwanni kafin Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. A farkon 1942 ta hau bangon wata mujalla, Sensation Comics, kuma kafin shekarar ta ƙare ta samu littafi mai sunanta.

Asalin farko

Marston ya ari labarin Amazon, wato al'ummar mata mayaƙa ta tatsuniyoyin Girkawa, ya juya shi yadda yake so. A nashi labarin, Hercules, ƙaƙƙarfan Girkawa, ya kai ma Amazon yaƙi, sarauniyarsu Hippolyte ta kada shi, domin tana da wata ɗamara da ba a cin mai ita. Da ƙarfi ya kasa, sai ya koma ga daɗin baki. Ya yaudare ta, ya sace ɗamarar, mutanenshi sunka ɗaure matan da sarƙa sunka mai da su bayi. Gunkiya Aphrodite ta taimake su sunka kuɓuta, da sharaɗi biyu: su bar duniyar maza su koma wani tsibiri da ba a sani ba, kuma su ci gaba da sa mundayen ƙarfen da anka ɗaure su da su, don kada su manta. Saboda haka mundayen da ake gani a hannuwan Wonder Woman, waɗanda take kare harsashi da su, ragowar marin bauta ne. In namiji ya samu ya haɗa su da sarƙa, ƙarfinta ya tafi.

A tsibirin babu namiji, to ina za a samu ɗiya? Cikin littafinta na farko a 1942 anka ba da amsa. Sarauniya ta kwaɓa yumɓu ta gina siffar ƴar yarinya, Aphrodite ta sa mata rai, anka raɗa mata suna Diana. Uwa ta gina, gunkiya mace ta raya, babu hannun namiji ko kaɗan. Wannan shi ne zuciyar abin da Marston ke son nunawa. Akwai kuma abu na biyu da ake yawan mantawa: ƙarfin Amazon a wurinshi horo ne. Matan tsibirin sun same shi ta hanyar koyo da juriya, kuma Diana ta sha gaya ma ƴan matan Amurka na cikin labarin cewa su ma in sun horu za su iya. Ƙawarta Etta Candy, gajera mai jiki mai son alawa, tana jagorantar ƴan matan jami'a suna kai mata ɗauki, babu mai wata baiwa a cikinsu.

Wata rana jirgin saman wani hafsan sojan Amurka, Steve Trevor, ya faɗo a tsibirin. Anka yi jinyarshi, anka shirya gasa don zaɓen wadda za ta mai da shi gida ta kuma taimaki Amurka a yaƙi. Sarauniya ta hana ɗiyarta shiga, Diana ta rufe fuska ta shiga, ta cinye. Da ta iso Amurka ta tarar da wata mai jinya ta asibitin soja, Diana Prince, mai kama da ita, tana kuka don ba ta da kuɗin bin saurayinta zuwa Amurka ta Kudu. Ta ba ta kuɗi, ta karɓi takardunta da sunanta. Tana da jirgin sama da ido ba ya gani, da igiyar zinariya. Mutane kan ce igiyar gaskiya ce don mai na'urar gano ƙarya ne ya ƙago ta, amma a farko aikinta ya fi haka faɗi: wanda ta zarga da ita dole ya bi duk umurnin da ta ba shi.

Littafin ya samu kasuwa ƙwarai, ya kuma samu maƙiya. Tun 1942 wata ƙungiyar limaman Katolika ta sa Sensation Comics cikin jerin littattafan da ta hana, don a ganinta tufafin jarumar ba su rufe jiki ba. Wasu masu ba kamfanin shawara sun koka da yawan ɗauri da sarƙa, domin da wuya a buɗe labari ba a ga an ɗaure wani ba. Marston ya ce ba a nuna kuɓuta sai an nuna ɗauri. Masu sukar suna da tasu gaskiya, don ɗaurin ya wuce abin da labarin ke bukata. Cikin gidan ma ba kowa ya fahimce ta ba: da anka shigar da ita ƙungiyar jarumai maza ta Justice Society, wani marubuci dabam ke rubuta labarin, sai anka naɗa ta magatakarda. Mazan su tafi fagen fama, wadda ta fi yawancinsu ƙarfi ta zauna tsaron takardu.

A 1944 shan inna ta kama Marston, daga baya ciwon daji ya biyo. Wata ɗalibarshi, Joye Hummel, ta rubuta labarai fiye da 70 tsakanin 1944 da 1947, duka da sunan Charles Moulton. Sai a 2018 anka karrama ta a bainar jama'a, tana da shekara fiye da 90.

Bayan mutuwar mai gida

Marston ya rasu a watan Mayu na 1947. Elizabeth ta rubuta ma kamfanin, wanda a lokacin ya riga ya haɗe da DC, tana neman a ba ta riƙon littafin, tun da ta san manufarshi fiye da kowa. Ba a ba ta ba. Anka miƙa ma Robert Kanigher, wanda ya riƙe shi kusan shekara 20.

Zamani kuma ya juya. Yaƙi ya ƙare, sojoji sun dawo, matan da sunka riƙe masana'antu ana ce musu su koma gida. A 1949 bangon Sensation Comics ya nuna Steve Trevor ɗauke da Wonder Woman yana ƙetarar da ita rafi, ita da ta fara labarinta da ɗaukar shi a hannu. Ƴan shafukan da ke ba da tarihin shahararrun mata na gaskiya, waɗanda gwanar wasan tanis Alice Marble ta fara shiryawa, anka daina su, anka sa bayanin al'adun aure a madadinsu. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya buga littafi yana zargin littattafan zane da ɓata tarbiyya, ya ambaci Wonder Woman a matsayin mugun misali ga ƴan mata. Majalisar dattawan Amurka ta yi zama kan batun, kamfanonin bugu sunka tsorata sunka kafa hukumar tace kansu da kansu.

Peter ya rasu a 1958, sababbin masu zane, Ross Andru da Mike Esposito, sunka karɓa, Kanigher kuma ya samu sararin sake asalin. Cikin lamba ta 105, a 1959, babu yumɓu. Diana jaririya ce cikin shimfiɗa, gumaka sunka zo barka kowa da kyautarshi: Aphrodite ta ba ta kyau, Athena ta ba ta hikima, wani ya ba ta sauri, ƙarfi kuwa Hercules ne ya ba ta. Mai karatu ya lura da wannan. Azzalumin da ya ɗaure uwarta a 1941 ya zama mai kyauta a 1959. Matan kuma ba bauta ta kore su zuwa tsibiri ba, mazansu ne sunka ƙare a yaƙi, baƙin ciki ya sa sunka yi ƙaura. Ke nan Diana tana da uba, ko da ba a faɗi sunanshi ba, kuma ƙarfin da dā kowace yarinya za ta iya nema da horo ya koma baiwar mutum guda. Sauran shekarun Kanigher sun tafi ga Steve yana naci a yi aure, ita tana cewa sai ta gama da miyagu, da labaran ƙuruciyarta inda wani saurayi rabinshi kifi da wani rabinshi tsuntsu ke takara a kanta.

Kasuwa ta yi ta ja da baya. A 1968 anka ba marubuci Dennis O'Neil da mai zane Mike Sekowsky, sunka yi abin da ba a taɓa yi ba. Amazon sunka bar duniya, Diana ta zaɓi zama, ta ajiye ƙarfinta, da mundaye, da igiya, da tufafin. Anka kashe Steve Trevor. Ta buɗe kantin tufafi, ta koyi faɗan hannu wurin wani tsoho makaho ɗan ƙasar Sin mai suna I Ching. O'Neil ya zaci yana girmama mata ne da ya nuna mace mai dogaro da kanta, daga baya shi da kanshi ya yarda cewa matan ba haka sunka gani ba. Abin da sunka gani shi ne an kwashe ƙarfin mace guda da ke da shi, an sa ta ƙarƙashin malami namiji.

Ƴar jarida Gloria Steinem, wadda ta tashi da karatun labaran Marston, tana cikin masu fushin. A watan Yuli na 1972 ta sa Wonder Woman da tsofaffin tufafinta a bangon sabuwar mujallar mata mai suna Ms. A farkon 1973, cikin lamba ta 204, kamfanin ya mayar mata da ƙarfinta. Kanigher ne ya dawo, ya kashe I Ching cikin shafukan farko, ya kuma dawo da yumɓun da shi da kanshi ya share, amma da ƙari. Yanzu an ce sarauniya siffa biyu ta gina, ɗaya da farin yumɓu, ɗaya da baƙi. Baƙar ita ce Nubia, mai sunan tsohuwar ƙasar nan ta bakin kogin Nilu, wadda gunkin yaƙi ya sace tun tana jaririya. Lokacin gwagwarmayar baƙaƙen Amurka ne, kamfanin ya ga akwai masu karatu da bai kula da su ba. Bayan ƴan lambobi sai anka yi watsi da ita shekaru masu yawa. Sai a 2021 ta samu littafi nata a matsayin sarauniyar Amazon, amma ita ma an sake mata asali, ba ƴar'uwar Diana ta yumɓu ba ce kuma.

Telebijin ma ya ja nashi akala. Daga 1975 zuwa 1979 Lynda Carter ta fito a matsayin jarumar, kuma da yake kashin farko na shirin a zamanin yaƙin duniya yake, a 1977 littafin ya koma wannan zamani. Da shirin ya sake tasha ya dawo zamanin da ake ciki, littafin ya biyo shi. A 1982 anka cire mikiyar da ke ƙirjinta tun farko, anka sa haruffa biyu na sunanta, alamar da ta fi sauƙin yi ma rajista da bugawa jikin riguna da kayan wasan yara.

An mai da ita ƙasa, an sake gini

A 1985 kamfanin DC ya cika shekara 50, labaranshi sun sarƙe har masu rubuta su na ruɗewa. Anka shirya wani dogon labari mai kashi 12 don a rushe komi a sake. Littafin Wonder Woman ya tsaya a lamba ta 329 a farkon 1986, inda ta auri Steve Trevor, wanda a tsakani an tashe shi daga mutuwa har sau biyu. A ƙarshen dogon labarin wani makami ya same ta, ta koma yarinya, ta koma jaririya, ta koma yumɓu a bakin tekun tsibirinta.

A nan wani abu ya fito fili game da mallaka. Tatsuniyar Gizo ba ta da mai ita, kowace kaka tana ba da ita yadda ta ga dama, ba wanda zai kai ta ƙara. Wonder Woman kuwa dukiya ce mai takarda. Marubuci Kurt Busiek ya bayyana cewa yarjejeniyar lokacin ta tilasta ma kamfanin buga aƙalla lamba 4 da sunanta kowace shekara, in ba haka ba ta koma hannun magadan Marston. Don haka a 1986, sabon littafi bai shirya ba, anka yi sauri anka fitar da wani ɗan labari mai kashi 4, Busiek ya rubuta, Trina Robbins ta zana. Haka mace ta fara zana dukan littafi mai sunan jarumar, shekara 45 bayan fitowarta, don cike gurbin yarjejeniya.

Sabon littafin ya fito a 1987 a hannun George Pérez, tare da Greg Potter da Len Wein, mace kuma, Karen Berger, ke kula da bugun. Mutane da yawa na ganin nan ne anka fi yi mata adalci tun bayan Marston. Pérez ya riƙe yumɓu, ya kuma ba shi nauyi. A nashi labarin, Amazon kurwar matan da maza sunka kashe ne tun zamanin jahiliyya, anka adana su cikin wani kogo, gumaka mata sunka sake fito da su daga ƙasan tafki da sabon jiki. Ta farko da ta fito ita ce Hippolyta, wadda mijinta ya kashe tana da ciki. Kurwa guda ta rage cikin kogon, ta ɗiyar da ba ta kai ga haifuwa ba. Da sarauniya ta ji begen ɗa ya dame ta ba ta san dalili ba, aka ce ta je bakin teku ta gina jaririya, wagga kurwa ta shiga. Tsibirin ya samu suna Themyscira, matanshi kuma launi-launi, har babbar kwamandar sojansu, Philippus, baƙa ce. Diana ta zo duniyar maza a matsayin jakadiya, ba ta ɓoye sunanta, ba ta jin Ingilishi sai da wata malamar jami'a a birnin Boston ta koya mata. Steve Trevor ya zama dattijo, kuma Etta Candy ce masoyiyarshi.

Bayan tafiyar Pérez a 1992 marubuta sunka yi ta wucewa, kowa da nashi. An sa ta aikin sayar da abinci, an ƙwace mata muƙami an ba wata Amazon daga reshensu na Masar, an kashe ta an mai da ita gunkiyar gaskiya, uwarta ta riƙe sunan na ɗan lokaci. A 2010 an sa mata wando. Duk da haka yumɓun ya tsaya shekara 24.

Uba ya bayyana

A 2011 kamfanin ya sake rushe dukan littattafanshi, ya fara 52 daga lamba ta 1. Brian Azzarello ya rubuta na Wonder Woman, Cliff Chiang ya zana. Cikin lamba ta 3 sarauniya ta faɗa ma ɗiyarta cewa zancen yumɓu ƙarya ne. Ta yi soyayya da Zeus a ɓoye, ta samu ciki, kuma da yake kowa ya san abin da uwargidanshi Hera ke yi ma kishiyoyin waje da ɗiyansu, sai ta ƙago labarin yumɓu don ta tsare jaririyar. Hujjar masu wanga canji ita ce sauƙi: in an ce ɗiyar Zeus ce, kowa ya gane cikin numfashi guda, kamar yadda ake gane Superman da Batman. Labarin kuma ya yi daɗin karatu, zanen ya yi kyau, ya samu yabo.

Amma abin da anka biya ya yi yawa. Ƙarfinta yanzu gadon uba ne. Gwanintar yaƙinta, an nuna gunkin yaƙi, namiji, ya ƙara mata ita tun tana yarinya. Cikin lamba ta 7, a 2012, anka ƙara da cewa sau uku cikin kowace shekara ɗari Amazon kan far ma jiragen ruwa, su kwana da matuƙan, su kashe su, ɗiya mata su riƙe, ɗiya maza su ba maƙerin gumaka a bakin makamai. Al'ummar da Marston ya gina don ta zama misalin zaman lafiya ta koma ta masu kisan kai. Masu karatu da yawa, musamman mata, sun ce an ɗauki jaruma ɗaya tak da ba ta rataya ga namiji ba, an rataya ta. A 2016 Greg Rucka ya dawo, tare da masu zane Liam Sharp da Nicola Scott, ya gina labarinshi bisa wagga ruɗani: Diana ta zarga igiyar a hannunta, ta gano an yi wasa da tunaninta, tsibirin da take zaton ta sha komawa ma ruɗi ne. Ta haka anka wanke Amazon. Zeus dai bai tafi nan take ba, marubutan da sunka biyo baya har sun fito mata da ɗan'uwa namiji, Jason, wai tagwaye ne.

A watan Oktoba na 2016, da ta cika shekara 75, Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar girmamawa kan ci gaban mata da ƴan mata. Ma'aikatan majalisar da dama sunka ƙi, sunka ce a rasa mace mai rai cikin duniya duka sai zanen wata mai guntun tufa, dubban mutane sunka sa hannu ga takardar koke. Kafin ƙarshen Disamba an sauke ta. A 2017 fim ɗinta, wanda Patty Jenkins ta shirya, Gal Gadot ta fito a ciki, ya tara fiye da dalar Amurka miliyan 800. Fim ɗin ya mai da labarin zamanin yaƙin duniya na farko, ya kuma haɗa asalin biyu: da farko uwa ta ce yumɓu ne, a ƙarshe aka gane ɗiyar Zeus ce. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa buɗe littafin ba, wannan ne asalin da sunka sani.

A watan Oktoba na 2024 littattafai biyu sunka fito kusan tare. Ɗaya sabo ne, Absolute Wonder Woman, na Kelly Thompson da Hayden Sherman, inda anka raba jaririyar da Amazon tun farko, anka jefa ta lahirar Girkawa, wata matsafiya mai suna Circe ta rene ta, ta tashi da tsafi da ƙaton takobi, tana hawan ƙwarangwal ɗin doki mai fiffike. Ɗayan kuma lamba ta 14 ce ta babban littafin, na Tom King da Daniel Sampere. A ciki an sake kashe Steve Trevor, Diana ta tafi bakin ruwa ta kwaɓa yumɓu da hannunta, ta gina jaririya, ta raɗa mata suna Elizabeth.